Mu da Limaminmu

Mu a unguwarmu ba ma iya tarar liman mu ce masa, "Malam, ka cika ja." Kunya ba za ta bari ba. Tari muke yi. Idan aka tayar da sallar Asuba ya idar da Fatiha ya kama sura, muna ba shi aya goma, sha biyar, tsit kake ji. Da ya zarce nan babu alamar ruku'u, sai wani dattijo a sahun gaba ya yi gyaran murya. Can ta dama wani ya amsa masa. Mai ciwon gwiwa ya sauya ƙafa, ledar ƙasa ta yi ƙara. Ba wanda ya furta ko kalma ɗaya, amma saƙo ya isa, domin liman baya kawai ya ba mu, kunnensa yana wajenmu. Washegari sai ka ji surar ta ragu.

Wannan magana ta daɗe a bakinmu a majalisar gindin dalbejiya, inda ake zama tsakanin Magariba da Lisha, mai shayi na gefe yana fifita gawayi. Tela, wanda shagonsa ke jikin masallaci, shi yake ganin tarin nan rashin ladabi ne. "Liman ake bi, ba shi ke bin mutane ba," in ji shi. "Wanda ya gaji ya zauna, ai shari'a ta yi masa rangwame." Baba direba, da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a hanyar Kano zuwa Legas, ya dube shi ya ce, "Ɗana, gwiwarka ce ba ta fara magana ba. Ranar da ta fara, kai za ka riga kowa tarin." Aka yi dariya. Sai malamin Islamiyya ya raba gardamar da abin da kowa ya sani amma ake mantawa. Sahabi Mu'azu ɗan Jabal ya taɓa jan mutanensa sallar Lisha da doguwar sura, har wani mai aikin ban-ruwa da ya wuni yana wahala ya fice ya yi tasa shi kaɗai. Da magana ta je gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Mu'azu aka yi wa faɗa. Shi kansa Annabi yakan taƙaita salla idan ya ji kukan jariri a baya, don tausayin uwar. "To ka ji, Tela," Baba ya ce, "kukan jariri ma ana saurare, balle tarin tsoho."

Akwai kuma dabarar makararru. Ka fito daga alwala kana ɗiga ka tarar an yi ruku'u, to sai a buga silifa da ƙarfi a bakin ƙofa, ko a ɗaga murya a kabbara, wasu ma su karanto ayar haƙuri don liman ya ji. Littattafanmu na Malikiyya ba su so liman ya tsawaita ruku'u saboda mai shigowa, kuma namu ya san haka sarai, shi ne ma yake karantar da mu. Amma duk wanda ya saba bin sa ya san idan ya jiwo takun mai sanda, ruku'un yakan ɗan ƙara nauyi. Bai taɓa cewa yana jira ba, mu ma ba mu taɓa tambayarsa ba.

Limaminmu na yanzu ɗan unguwa ne, cikin masu bin sa salla akwai waɗanda suka ci tuwon sunansa. Ya dawo daga karatu da jallabiya iya ƙwauri, da sauri a tafiya, da muryar da ya kwaikwayo daga kaset ɗin Sudais, har da inda ake shan numfashi. Ilimi kam akwai shi, ba mai musu. Amma a watanninsa na farko dattawa sun yi ta ƙunƙuni, wai gaisuwarsa gajera ce: ya yi sallama ya wuce, ba "ina gajiya", ba "yaya iyali", ba "ya muka ji da zafi". Ba wanda ya kira shi ya zaunar. Wata tsohuwa dai ta tare shi a lungu ta ce, "Ɗan nan, limancin ne ya hana ka tambayar ƙafata?" Wani dattijo kuma ya aika masa da babbar riga da rawani ana jibi Salla, bai haɗa da ko kalma ba. Yau in ka hango shi ya fito daga gida, tafiya yake a natse, yana tsayawa ƙofa-ƙofa, hanyar minti biyu tana cin masa goma. Ya rusuna wa wanda ya girme shi, sannan ya shiga gaba, wanda ya girme shin ya bi shi. Karatun a makaranta ya samo shi, limancin kuwa a hannunmu ya koya, mu da ba mu kai shi sanin komai ba.

Tela bai yarda an kayar da shi ba, kuma yana da gaskiyarsa. "To ku wa ya koya muku tsayuwar da kuke yi?" Ya ce mu je wani gari mu bi wani liman mu gani. Haka ne kuwa. Ka je Zariya ko Katsina ɗaurin aure ka bi salla a baƙon masallaci, sai ka tsinci kanka ka ɗago daga sujada kafin mutane, ko kowa ya miƙe kai kana ƙasa, don jikinka da agogon limaminku yake aiki. Tsawon ruku'unsa yana cikin bayanka, zaman tahiyarsa yana cikin gwiwarka. Ko kai kaɗai kake nafila a ɗaki cikin dare, surorin da ya fi yawan ja su ne ke fara zuwa bakinka, da irin karya muryarsa. Yara kuwa abin ya fi kama su. Ka saurari ɗan shekara shida yana wasan salla da ƙannensa a tsakar gida, ya naɗa ɗankwalin uwarsa a ka, ya juyo ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi, a kashe waya, da muryar liman sak. Wannan kira ya shiga jinin Kanawa har gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, da ta hau a 2003, ta raɗa wa shirinta na gyaran tarbiyya A Daidaita Sahu, sunan kuma ya bi babur mai ƙafa uku ya zauna masa har yau.

Kunnenmu ma an sake masa zubi. Iyayenmu da ruwayar Warshu suka tashi, ta tsangaya, ta allo da tawada. Daga baya rediyo da kaset suka kawo Husari da Minshawi da Abdulbasit, Islamiyyu suka yawaita, aka fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986 ƙarƙashin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, sai ruwayar Hafsu ta mamaye masallatai. Tsohon limaminmu da Warshu yake ja, na yanzu da Hafsu. Farkon canjin, wani alaramma a sahun baya ya yi ta yi wa sabon liman gyara a inda babu kuskure, shi a kunnensa an ɓata. Yanzu su biyun ne ke zama bayan Asuba suna bitar ruwayoyin tare, kuma a wasu dararen azumi liman yakan ja raka'a biyu da Warshu saboda tsofaffi.

Labarin hannu ya fi wannan tsawo, kuma akwai jini a cikinsa. Kakanninmu sakin hannu suke yi, sadalu, kamar yadda aka san mabiya Malikiyya na wannan yanki. Kabalu, wato kama hannu, ya yaɗu a Kano ne ta hanyar almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, wanda Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da shi a aikin Hajji a 1937, Sarki Sanusi na ɗaya kuma ya zama babban halifansa a ƙasar nan. A shekarun 1950 da 1960, inda mutum ya ajiye hannunsa a salla ya isa a san ɓangarensa, har aka yi tarzoma a wasu garuruwan lardin Sakkwato tsakanin 'yan kabalu da 'yan sadalu, aka rasa rayuka. Da aka kafa Izala a Jos a 1978, ga ta tana adawa da ɗariƙu amma ita ma kabalu take yi, sai alamar ta koma wasu wuraren: haɗa ƙafa da ƙafa a sahu, amin da ƙarfi, sallama biyu maimakon ɗaya, tashi ba tare da addu'ar jam'i ba. Duk waɗannan a jikin wani malami muka fara ganinsu kafin mu ji hujjarsu. Galibinmu ba mu karanta Muwaɗɗa ba balle Mudawwana. Mun ga wanda muke ƙauna ya yi, muka yi.

A sahunmu na yau duk tarihin nan yana tsaye kafaɗa da kafaɗa. Baba direba sakin hannu yake yi, ya ce haka ya ga mahaifinsa, haka zai koma ga Allah. Saurayin da ke tsayawa gefensa yana bin ƙafarsa da tasa, Baba na janyewa, yaron na matsowa, har rannan bayan sallama Baba ya kama hannunsa ya ce, "Jikana, ƙafar nan faso gare ta, ka bar ta ta huta. Kafaɗata ga ta nan, jingina yadda kake so." Abin da ya hana masallacinmu rabewa biyu, kamar yadda da yawa suka rabe, shi ne yadda liman ya riƙe idonsa. Shi kabalu yake yi, amma bai taɓa juyowa ya kalli hannun kowa ba. Bayan sallama yakan ɗan zauna, mai son addu'a ya ɗaga hannu, mai tashi ya tashi, ba harara. Da ya nuna ɓangare ko da kallo ne, da tuni an sayi fili a bayan layi an kafa wani masallacin.

Mata kuma suna da nasu hukuncin, kuma ya fi namu kaifi. Yawancinsu ba sa ganin liman, muryarsa ce ke shigo musu ta lasifika har madafa. Gwaggona ta taɓa ce mini, "Limaminku ba shi da lafiya, ku duba shi," tun mu da muke bayansa ba mu lura ba. A numfashinsa ta ji. Idan ya yi wa'azi ya dira a kan mata kaɗai, ya bar mazan da ba sa ajiye kuɗin cefane, kafin Azahar maganar ta zaga gidaje ta isa kunnen matarsa, daga nan kuma kun san inda za ta kwana. Mako mai zuwa sai mu ji an juyo kanmu. A goman ƙarshe na azumi, lokacin da suke cika bayan labule da jarirai a goye, su ne suka sa aka kai musu fanka, aka kuma rage tsawon tsayuwar farko ta tahajjud.

Mu maza da ƙafa muke zaɓe a azumi. Masallacin da ake jan izu biyu kowane dare don a sauke izu 60 kafin Salla yana da mutanensa, wanda ake asham da gajerun surori shi ma yana da nasa, kuma sau da yawa ya fi cika. Liman ya juyo bayan sallama ya ga sahu biyar ya koma biyu, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

A wajen tafsiri ne abin ya fi fitowa fili, don can jama'a na da baki. Malam na zaune, mai jan baki na gefensa, mu kuma muna amsawa da "na'am", da kabbara, da dariya, wani lokaci da kuka. Duk wanda ya saurari marigayi Malam Isa Waziri ya san yadda yake jefa raha a tsakiyar bayani, jama'a su kece da dariya, shi kuma ya bi ta kan dariyar ya cusa musu abin da yake so su riƙe. Shehu Abubakar Gumi a Masallacin Sultan Bello, wanda rediyon Kaduna ta kai muryarsa ƙauyukan da bai taɓa takawa ba; Malam Nasiru Kabara a fadar Kano; Shehu Ɗahiru Bauchi da ayoyi a ka; Malam Ja'afar a Masallacin Indimi na Maiduguri: kowannensu ya tara irin jama'arsa, sun san abin da suke zuwa nema, shi ma ya san abin da suke jira. Ka gamu da almajirin kowane a hanya, daga naɗin rawani ko tsawon wando ko yadda yake buɗe magana za ka gane gidan da ya fito.

A nan ne nake jin tsoronmu, mu masu sauraro. Mun gano muna iya tuƙa malami, kuma ba kullum muke tuƙa shi inda ya dace ba. Ya yi awa guda yana bayanin rabon gado ko hukuncin ciniki, muna hamma. Ya ambaci sunan wani malamin ya ce zai yi masa raddi, sai wuri ya ɗauki kabbara, wayoyi su tashi sama. Kafin ya isa gida an yanko minti biyun nan an watsa a Facebook da TikTok, awa gudan kuwa ba wanda ya nema. Malami ɗan Adam ne, yana jin inda aka yi kabbara da inda aka yi shiru. Bana ya ba mu kaɗan, baɗi ya ƙara, kafin ka ankara mutumin da ya fara da karantar da Ahalari da Iziyya ya koma ba ya iya rufe majalisi sai ya taɓa wani. Sannan mu dawo gindin dalbejiya muna cewa malaman yanzu sun cika faɗa. Malamin Islamiyya ya faɗa mana a fuska rannan: "'Yan'uwa, ku kuke sayen faɗan nan. Ranar da kuka daina kabbara a kan zagi, za a daina kawo muku shi." Ba wanda ya amsa. Mai shayi ma ya sunkuyar da kai, don a wayarsa muke kallo.

Sai nauyin da muke ɗora wa jikin bawan Allah nan, wanda ba mu cika lissafawa ba. Kai kana iya makara Asuba ka ce ruwa aka yi, shi ba dama. Daga idar da salla a ja shi raɗin suna, da hantsi ɗaurin aure, kafin Azahar a aiko an yi rasuwa. Shi zai naɗe hannun riga ya shiga wankan gawar da 'ya'yan mamacin ke tsoron taɓawa, shi zai yanka likkafani, ya tsaya gaban makara, ya bi mu maƙabarta cikin rana, ya dawo ya zauna karɓar gaisuwa kamar shi aka yi wa mutuwar. Da dare miji da mata su kawo masa rikicinsu zaure, ya yi ta lallashi har sha biyu. Ranar Babbar Salla duk gari an ɗaure raguna ana jiran limamin idi ya sa wuƙa, don a mazhabarmu wanda ya riga liman yanka, naman miya ya yi, ba layya ba. Lokacin korona a 2020, da aka rufe masallatai kowane magidanci ya zama limamin gidansa, mun ɗan ɗana. Tela ya ce ranar farko da ya shiga gaba, matarsa da 'ya'yansa a baya, surar da yake ja tun yana yaro ta ɓace masa tas, 'yarsa 'yar Islamiyya ce ta ceto shi.

Bayan wannan kuma mun hana shi abin da muka halatta wa kanmu. Ba ma son ganinsa a teburin mai shayi, ba ma son ya tsaya kallon ƙwallo, in ya yi dariya da ƙarfi a kasuwa sai an kai labari. Ɗansa ya yi askin banza, "ɗan liman ne fa". Matarsa ta ɗaga murya, "matar liman ce fa". Maƙwabcinmu ma'aikacin jinya, Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, yakan zauna da mu shan shayi, ya ce ai su ma haka suke yi wa fastonsu: shi ne dubiya, shi ne biso, shi ne sulhu, matarsa kuma dole ta zama uwa a zumuntar mata ko tana so ko ba ta so. "Bambancin kawai, Baba," in ji shi, "mu ana yi wa namu canjin wurin aiki ya je ya huta da halinmu. Naku kuwa sai mutuwa."

To me muke ba shi? A nan majalisa takan yi sanyi. Limamin masallacin unguwa ba shi da albashi a yawancin wurare. Ɗan abin da aka miƙa a ɗaurin aure, goro da alawa, zakkar kono in an tuna, shadda a Salla in an samu mai hali. Asusun da ake zagawa da shi na man janareto ne da gyaran famfo. Mun fi saurin haɗa kuɗin tayil da fenti a kan mu tambayi ko an ɗora tukunya a gidansa. Idan kuwa jama'a suka bar liman da yunwa, mutum ɗaya ne zai ɗauke shi, ko mai kuɗin da ya gina masallacin ko ɗan siyasar da ke neman ƙuri'ar sahu. Daga ranar harshensa ya yi nauyi. Zai yi wa'azin tauye mudu ya tsallake ɓoye abinci, ya yi na sata ya tsallake cin gumin lebura, don mai yi yana zaune daidai bayansa kan darduma mai laushi. Mu ne kuma za mu fara cewa an saye shi, alhali mu muka kai shi kasuwa.

Tsayuwa a gaba tana da girma, tana kuma da haɗari. Mutanen Kano ba za su manta da asubahin Juma'a, 13 ga Afrilun 2007 ba, lokacin da aka harbe Malam Ja'afar Mahmud Adam yana jan salla a masallacinsa na Ɗorayi. Makasan ba su sha wahalar nemansa ba, don liman mutum ne da kowa ya san inda yake tsayawa sau biyar a rana. A watan Yunin 2018 kuma, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi a jihar Filato, Liman Abdullahi Abubakar, dattijo mai shekara 83, ya ɓoye mutum sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa. Da maharan suka zo, jikinsa ya sa a tsakani, ya zube ƙasa yana roƙonsu, ya ƙi miƙa kowa. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya faɗa da bakinsa, cewa Kiristocin yankin ne suka ba su wurin da aka gina masallacin shekaru da dama da suka wuce. Zaman mutunci na shekara da shekaru da mutanen garin shi ya yi limamin da ya tsaya a ƙofa a wannan rana.

Tsohon limaminmu ya ja mu salla tun masallacin yana ginin ƙasa da rufin azara. A ƙarshe gwiwa ta ƙi, tashi daga sujada sai ya dafa bango, karatu ya fara kuɓuce masa, ya shiga wannan sura ya fita ta waccan. Kowa ya gani, kowa kuma ya san hukuncin: a Malikiyya wanda ba ya iya tsayuwa ba ya jan masu iyawa. Amma wa zai faɗa? Mutumin da ya raɗa wa rabinmu suna, ya ɗaura auren iyayenmu, ya binne kakanninmu. Sai muka yi abin da muka iya. Ladan ya riƙa jinkirta iƙama har tsoho ya huta daga tattakin da ya yo daga gida. Masu gyara suka riƙa yi a hankali, ƙasa-ƙasa, yadda sahun baya ba zai ji ba. Shi ma yana lura da duk wannan, don wanda ya shekara da shekaru yana sauraren mutane ta bayansa ba a ɓoye masa irin wannan. Wata Magariba bayan an yi iƙama, da kansa ya kama hannun na'ibinsa ya tura shi gaba, ya ja da baya ya shiga sahu. Na'ibin ya yi kabbarar harama murya na rawa.

Yanzu tsohon a kujerar roba yake salla, a bayan liman ta dama, kuma har yau shi ake fara miƙa wa hannu bayan sallama. Maganar da ke gaban majalisa a makon nan ita ce ta maganinsa da ta cefanen gidan sabon. Malamin Islamiyya ya kawo shawarar a buɗe asusu na biyu, kowane gida ya riƙa ba da abin da ya sawwaƙa duk wata, a rubuta a littafi, a raba wa limaman biyu da ladan, kada a bar wa mutum ɗaya. Tela ya ce a bar masa ɗinkin Salla na gidajen uku. Wani mai Adaidaita ya ɗauki nauyin kai tsoho asibiti duk ranar da likita ya ba shi. Baba direba ya ce shi bai yarda da asusun da ba a karanta lissafinsa a bainar jama'a ba, an sha yi ana watsewa. Aka ce to shi zai riƙe littafin. "Ni da ban yi boko ba?" Aka ce jikan nan nasa mai bin ƙafa zai rubuta masa. An tsayar da ranar Juma'a bayan La'asar a fara zagawa, daga layin 'yan katako.